Ranar da Agwagwa Ta Taya Ni Gaida Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da agwagwa ta taya ni gaida surukata, ko da zan yi tsawon ran da haƙorana za su zube in koma tsotson irin robar da ta jawo mini abin. Har yau, in yaro ya matsa abin wasa a bakin shagona ya yi "kwak", sai in waiga in duba ko Inna na tsaye a bayana.

Ni ɗan kasuwa ne a nan Libreville. Shagona yana unguwar Awendjé, ina sayar da kayan roba: bokiti, baho, fo, kujerun yara, da kayan wasa irin waɗanda ke karyewa kafin uwar yaro ta kai bakin titi. Gidanmu kuma yana Derrière la Prison (kada gabanka ya faɗi, sunan unguwar ke nan, bayan kurkukun muke, ba cikinsa ba). Ni da matata Rabi mun daɗe da aure ba haihuwa, daɗewar da har mutane suka daina yi mana addu'a a gabanmu suka koma yi a bayan idonmu. Mun sha na asibiti, mun sha na gargajiya. Akwai wani jiƙo da wata tsohuwa 'yar ƙasar nan ta haɗa mini, wanda har yanzu in na tuna shi sai harshena ya naɗe. Sai da furfura ta mamaye gemuna, tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki, sannan Allah ya dube mu ya ba mu 'ya mace. Aka mayar mata da sunan mahaifiyar Rabi, saboda haka Ummi muke ce mata.

Mahaifiyar Rabin, wato Inna, ta taso tun daga Maraɗi ta zo yi wa 'yarta wankan jego. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, in ta zauna a kujera ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka yi tun daga yaye. Tsakanina da ita akwai kunya irin ta mutanen da. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ko ruwa ban taɓa kurɓa ba. In na hango ta a tsakar gida, takalmi na hannu, ni ina durƙushe. Ni da duk Awendjé ta san ni da baki, wanda in na fara ba da labari har masu taksi ke kashe mota su saurara, a gaban Inna sai in zama kamar an ɗinke ni da zare.

To, ga kunyar suruka, ga kunyar 'yar fari ta zo ta hau kai. Ka san yadda aka tashe mu, ɗan fari ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a nuna an san da zamansa. Na ce a raina, Inna mutuniyar da ce, bari in nuna mata zaman Gabon bai wanke mini tarbiyya ba. Matsalata dai ban iya yin abu daidai awo ba, in aka ce in barbaɗa gishiri sai in juye buhun. In Inna ta fito falo da jaririya, sai in miƙe in fice kamar an shigo da kumurci. In baƙi suka ce, "Alhaji, ya mai sunan Inna?" sai in ce musu ai kwantena ta yi tsada bana. Wata rana Inna ta miƙo mini ita ta ce in ɗan riƙe ta gyara ɗaurin zani, na ɗaga hannuwa sama kamar wanda jandarma ya tare a hanya, na ce hannuna da datti. (Daga alwala na fito.)

A ciki kuwa, wallahi, wuta ce ke cina. Mutumin da ya tsufa yana sayar wa 'ya'yan mutane fo, yau ga tasa a ɗaki an ce kada ya taɓa, kuma shi ya hana kansa. Inna ta tare a ɗakin Rabi, ni aka koro ni falo. Dama ɗaya nake samu, lokacin da Inna ta shiga wanka. Da na ji ƙarar bokiti sai in faɗa ɗakin da sanɗa, in sunkuci Ummi, in shinshina wuyanta, in zayyana mata duk abin da ke raina da sauri-sauri kamar mai sanarwa a rediyo. Da na ji an zare sakata sai in dire ta in fito ina kallon silin, wai ina duba inda yake yoyo. Na haɗa Rabi da girman Allah kada ta gaya wa Inna.

Ta ce, "Alhaji, kai fa ba yaro ba ne."

Na ce, "Ai shi ya sa abin zai fi muni in ta ji."

Ummi kuwa da maƙogwaronta ta zo. Kuka take kamar tana rama shirun da gidan ya yi shekara da shekaru. Ko ruwan saman garin nan, da ke dukan kwano kamar ana juye tsakuwa, ba ya rufe muryarta. Na sayo mata robar tsotso a farmasi, wadda mutanen nan ke kira tetin, na ba Rabi a ɓoye. Ta tsotsa kaɗan ta tofar. Na sayo mai tsada, 'yar Faransa, ta tofar da ita har ta fi ta farko nisa.

Ina cikin wannan damuwa wata rana sai wata mata 'yar Gabon ta shigo sayen baho, riƙe da ɗanta. Yaron yana da tetin a baki da kacau-kacau a hannu. In ya girgiza kacau-kacau sai ya yi dariya tetin ya faɗi ƙasa, ya sa kuka. Uwar ta ɗauka ta ɗauraye ta mayar masa, sai ya saki kacau-kacau, ya sake sa kuka. Haka ta yi ta sunkuyawa kamar mai tsintar gyaɗa. Nan take dabara ta faɗo mini. Me zai hana a haɗa su jiki ɗaya? Abin tsotso da abin wasa, yaro ya tsotsa in yana jin barci, ya yi wasa in ya farka, ba wanda zai tofar don ba zai gundure shi ba. Kafin matar ta gama zaɓen launin baho na riga na gina masana'anta a China, na cika jirgin ruwa, an buga hotona a jikin kwali, Ummi ta gama jami'a ta zama likita.

Na tsallaka wurin maƙwabcin shagona, Obinna, Ibo mai gyaran fanka da rediyo. A Sabon Garin Kano ya tashi, Hausarsa ta fi tawa kaifi in an zo wajen tsiya. Ya saurare ni har na gama, ya ajiye sukundireba ya ce, "Alhaji, a shekarunka mutane gida suke ginawa a ƙauyensu. Kai tetin za ka gina?"

Na ce, "Obinna, kai ba ka da hangen nesa."

Ya ce, "Ina da shi. Daga nan ina hango ka a asibitin mahaukata."

Amma ya ara mini bindigar gam da 'yar na'urar huda, kuma daga ranar ya zama injiniyan kamfani ba tare da ya nema ba.

Na farko da muka ƙera, tetin ne muka liƙa a kan kacau-kacau. Na kai wa Rabi cikin aljihu ina ta washe baki. Ta juya shi ta shinshina, ta ce, "Wallahi abin da aka liƙa da gam ba zai shiga bakin 'yata ba. In wani abu ya ɓalle ya shaƙe ta fa?" Gaskiyarta. Sai na gane kowane kamfani yana buƙatar mai gwaji, kuma a duk Libreville baki ɗaya ne nake da iko da shi. Daga ranar, in kasuwa ta lafa sai in sauke ƙofar shago rabi, in tafasa abin a butar shayi, in zauna bayan tarin bokitai in sa a baki in tsotsa. Ina tsotsa, ina tauna, ina ja da haƙori, don in tabbatar ba abin da zai ɓalle.

Mai kacau-kacau nauyi ya yi. Ni da nake yagar gasasshen nama da haƙori ɗaya sai da muƙamuƙina ya yi tsami. Na biyu muka haɗa shi da 'yar mota. Kyau dai ba a magana, sai dai ina cikin gwaji taya ɗaya ta cire ta nufi maƙoshina, da Obinna bai ɗirka mini dundu ba da yanzu ana ba da labarin ɗan kasuwar da mota ta kashe yana zaune a cikin shagonsa. Na uku muka sa masa usur. Zuƙa ɗaya na yi, wani direban taksi-bas da ke wucewa ya taka birki ya fito da takardunsa yana neman ɗan sandan da ya tsayar da shi. Gam kuma ya kumbura mini leɓe har na zama kamar raƙumi. Inna ta tambayi Rabi me ya sami bakin mijinta, na aika mata cewa atanga ce, 'yar itacen nan ta Gabon da ake dafawa, na ci da zafinta.

Sai muka zo kan agwagwa. Irin 'yar rawayar nan ta roba da ake sa wa yara a ruwan wanka, in an matsa ta yi kuka. Muka huda bayanta muka cusa gindin tetin ba tare da gam ba, Obinna ya yi wata dabara ya haɗa hanyar iska, yadda ko ka matsa ko ka tsotsa sai ta ce "kwak". In ka sa a baki, sai a ga kamar agwagwa ce ke ƙoƙarin fitowa daga cikinka. Na dubi kaina a madubin babur ɗin Obinna na ce, "An gama. Turawa sai su zo su koya."

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda Inna take karanta ni. Mutum ba ya kallon 'yarsa, ba ya dawowa gida da wuri, in ya dawo kuma ya shige ɗakin ajiyar kaya ya turo ƙofa. Arba'in ta wuce da daɗewa, Ummi ta fara murmushi, Inna ba ta ce za ta tafi ba. Wata safiya, ana ƙarar bokiti, ina rungume da Ummi, Rabi ta ce da ni a hankali, "Inna ta ce in fara haɗa kaya. Da mu za ta koma Maraɗi, sai an yaye Ummi."

Daga nan zuwa Maraɗi ba tafiyar da za ka ce bari in leƙa su ranar Juma'a ba ce. In suka tafi, zan ga 'yata ne tana gudu da ƙafarta tana tambayar wane ne wannan mai tumbin.

Na ce, "Me na yi?"

Ta ce, "Ta ce ba za ta bar jikarta a gidan da ubanta ke gudunta ba. Wai ta lura tun da ka ji mace ce ranka ya ɓaci."

"Ke ba ki ce komai ba?"

"Kai ka haɗa ni da Allah. Na ce mata kana sonta, ta ce kowace mace rufa wa mijinta asiri take yi."

Mai hankali a nan zai je ya durƙusa ya yi bayani. Ni kuwa sai na yanke shawarar in ƙarasa agwagwa. Lissafina shi ne, in Ummi ta karɓa ta daina kuka, Inna za ta ce wa ya ƙera wannan abin al'ajabi, Rabi ta nuna ni da leɓe, shi ke nan magana ta ƙare ban buɗe baki ba, kunyata na nan a inda take.

Ranar Lahadi bayan la'asar, ana yayyafi, ina ɗakin ajiya ina gwajin ƙarshe da agwagwa a baki, sai Rabi ta ƙwanƙwasa ta ce, "Ka fito, Baba Mamman ya zo, Inna na kira." Baba Mamman ƙanin mahaifin Rabi ne, shi ya ba ni aurenta, yana da shagon atamfa a unguwar London ta nan Libreville. In aka taso shi cikin ruwa, to magana ta kai inda ta kai. Na fizge agwagwa daga baki na cusa a aljihun gaban jallabiya, na goge leɓe, na fito.

Inna na kan kujera da carbi, Baba Mamman na gefe yana ɓare goro. Na cire takalmi na durƙusa. A nan ne tumbina ya ci amanata. Da na sauka, aljihun ya faɗa daidai tsakanin tumbi da cinya, agwagwa ta shiga matsi.

Na sunkuya na ce, "Inna, ina wuni?"

Kwak.

Inna ta ce, "Lahiya lau."

Ka san gaisuwarmu ba a yanke ta a tsakiya, kuma kowace da sunkuyonta. Na ce, "Ina gajiya?"

Kwak.

"Ya baƙunta?"

Kwak.

Na juya wajen Baba Mamman, juyin ma sai da ta yi magana. Ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa ya ce, "Kun fara kiwo ne a gidan nan?"

Na ce, "Ta maƙwabta ce, Baba. Ruwa ne ya koro ta."

Inna ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Agwagwar maƙwabta ta iya gaisuwa."

Na ƙudura a raina ba zan ƙara motsi ba ko da kunama ce ta hau ni. Na sandare kamar gunki. Sai dai mai tumbi ko numfashi ya yi sai cikin ya motsa, don haka duk shaƙar da na yi sai a ji wani siririn "kwii" kamar agwagwar tana munshari. Daga bayan labulen ɗaki na ji Rabi ta fara wani irin tari wanda na san ba tari ba ne.

Inna ta ajiye carbi ta fara magana, kuma ba da faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta ce ita ba ta da abin cewa a kaina wajen ci da sha da sutura. Ta ce shekarun da 'yarta ta yi ba haihuwa ban taɓa goranta mata ba, tana sane, kuma tana sa mini albarka. Ta ce, "Amma ɗiyar ga da Allah ya kawo bayan an fidda rai, tun da na zo ban ga ka dube ta ba. Na miƙa maka ita, ka ɗaga hannu. In don mace ce, to ni ma mace ce, kuma sunana gare ta. Zan tafi da abina inda za a yi mata dariya."

Idona ya kawo ruwa. Al'ada ta ce in amsa da "Haka ne, Inna" in sunkuyar da kai, na sunkuyar, agwagwa ta ce kwak, kamar ita ma ta yarda.

Baba Mamman ya ce, "Kai, magana ake ta hankali. Ka faɗa a gabana, kana son yarinyar nan ko ba ka so?"

Na buɗe baki. Kalma ɗaya ce, amma ta maƙale. Yaya zan dubi surukata in ce ina son 'yar fari? Na ja wani dogon numfashi tun daga tafin ƙafa na sauke ajiyar zuciya, tumbina ya sauka gaba ɗaya a kan baiwar Allah, ta saki wani kuka mai tsawo, kwaaaak, irin na agwagwar da aka taka wa wuya. A ɗaki Ummi ta farka ta amsa mata.

Baba Mamman ya ce, "Tashi tsaye."

Na tashi.

"Zazzage aljihunka."

Na zaro ta na riƙe a tafin hannu, rawaya shar, da ɗan jan bakinta, da tetin a bayanta yana sheƙin yawuna.

Inna ta ce, "Mine ne wanga?"

Na ce, cikin muryar da ni kaina ban san ina da ita ba, "Ƙirƙira ce, Inna. Abin tsotso ne, kuma abin wasa ne. In yaro ya tsotsa sai ta yi kuka, sai ya ji daɗi."

"Wane yaro?"

Na dubi silin. (Ranar ko yoyon da zan fake da shi bai yi ba.)

Ta ce, "Ban gane ba. Gwada mini in gani."

Na dubi Baba Mamman ko zai cece ni. Ya gyara zama ya jefa goro a baki kamar wanda ya zo kallon dambe. Jama'a, matar da ban taɓa kurɓar ruwa a gabanta ba, matar da ba ta taɓa ganin haƙorina yana aiki ba, abu na farko da ta gani a bakina a duniya shi ne gindin agwagwa. Na sa. Na tsaya a tsakiyar falona, da furfurata da jallabiyata, agwagwa na leƙowa daga cikin gemuna tana kallon surukata ido cikin ido.

Ta ce, "Ai ba ka tsotsa ba."

Na tsotsa. Kwak. Kwak. Kwak.

Goro ya sarƙe Baba Mamman, ya kife a hannun kujera yana bubbuga cinya. Rabi ta faɗo ta cikin labule, Ummi a kafaɗa tana tsala kuka, ita kuma hawayen dariya na zuba. Inna kaɗai ce ba ta motsa ba. Ta ce, "Wato abin da aka yi don yaro ya yi barci, shi ne duk tsotso ɗaya sai ya tashe shi?"

Wallahi sai a lokacin na ga ramin da ke tsakiyar masana'antata. Duk zaman da muka yi da Obinna ba wanda wannan ya faɗo wa.

Rabi ta ce, "Inna, ni dai an haɗa ni da Allah kada in faɗa, amma ba a ce kada in nuna ba." Ta miƙa wa Inna jaririyar, ta shiga ɗakin ajiya ta fito da bahon da nake ɓoye kayan aikina ta dire a gabanta. Ga mai kacau-kacau, ga mota mai taya uku, ga mai usur, ga wasu da kunya ba za ta bar ni in bayyana su ba. Inna ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da tabarau. Duk robar ta tattaune.

Ta ce, "Haƙoran wa?"

Rabi ta ce, "Nasa. Na ce ba abin da zai shiga bakinta sai an tabbatar ba zai shaƙe ta ba, shi ne yake gwadawa a nasa. Har taya ya kusa haɗiyewa. Kumburin bakin nan ma ba atanga ba ce."

Inna ta ɗauki wani ta duba, ta ajiye, ta ɗauki wani. Ni kuwa ina tsaye, kuma sai daga baya na tuna ban cire agwagwar daga baki ba.

Ta ce, "Cire wannan abin, ka matso."

Na cire na matsa na durƙusa, wannan karon ba rakiya.

Ta ce, "Kunyar ɗan fari ta samari ce, masu sauran shekaru a gaba. Kai da ka yi furfura kana jiranta, wa kake ji wa kunya? Ni? Na ga abin da ya fi wannan yanzu." Ta ɗora mini Ummi a hannu. "Riƙe ɗiyarka."

Na karɓa a gaban Inna, a gaban Baba Mamman, ba ƙarar bokiti ba sauraron sakata. Ummi tana ta kuka, sai hannunta ya sami gemuna ta damƙe ta ja. Na kai ɗan yatsana kusa da kumatunta don in lallashe ta, ta juyo ta cafke gaɓar ta hau tsotso. Ɗif, kuka ya ɗauke. Ta ɗago ido tana kallona, tana ja mini gemu tana tsotson yatsa.

Inna ta ce, "To ga abin da kake ta wahalar ƙerawa. Ta tsotsa, ta yi wasa, kuma ba ya ɓallewa. Sai dai a riƙa wanke shi."

Baba Mamman ya share hawaye ya ce, "Shi ma yana kuka in an matsa shi." Ya yi gaskiya, don a lokacin nawa hawayen sun riga sun gangaro cikin gemu.

Inna ta koma Maraɗi ita kaɗai. Da Rabi ke taya ta haɗa jaka sai ta ga agwagwar a naɗe cikin ɗankwali a tsakiyar kaya. Har yau in ta kira mu ta bidiyo don ta ga takwararta, da na durƙusa a gaban waya na ce "Inna, ina wuni," sai in ji "kwak" daga can, fuskarta kuma ko gezau. Baba Mamman ya kai wa Obinna labari tun kafin ya isa gida, Obinna ya raba wa Awendjé kyauta, yanzu har matan Gabon masu sayen bokiti Papa Kanar suke ce mini, wato Baban Agwagwa. Ina amsawa. Masana'antar China dai tana nan a cikin baho.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka durƙusa wa suruka, ka fara laluba aljihunka. In kuma kana son mutum, ka daure ka buɗe baki ka faɗa da kanka, don in ka yi shiru wani abu zai faɗa a madadinka, kuma agwagwa ba ta san lokacin da ya kamata ta yi magana ba.